Yadda ake gane ɗan baji ya isa a raba shi da iyayensa

Baji, ƙaramin akun nan ɗan asalin Ostareliya, yana fitowa daga akwatin sheƙa yana da kwana 30 zuwa 35, gashi ya rufe shi har ya yi kama da babba. Wannan kamannin ne yake ruɗar mai kiwo ya ɗauke shi ya kai kasuwa, alhali uban bai daina ɗura masa abinci a baki ba. Yawanci ba ya iya ciyar da kansa sai ya kai mako 6, wani ma sai 8.

Da farko a rubuta ranar da aka ƙyanƙyashe kowane ɗa. Uwar tana tsallake kwana ɗaya tsakanin ƙwai da ƙwai, saboda haka a sheƙa mai ƴaƴa biyar babban yana iya girmar autan da kwana 8, kuma kuskure ne a kwashe su rana ɗaya.

Da zarar sun fito, a ajiye abinci a faranti marar zurfi a ƙasan keji, domin a can suke yini. Mu a Damagaram gero ba ya yi mana wuya, kuma zangarniya guda da aka rataya ƙasa-ƙasa tana saurin koya musu tsinta, muddin ba hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari ba ne. Daga nan sai a zauna a zuba ido. Ɗan da bai iya ba yana ɗaukar ƙwaya, ya juya ta a baki, ya yar da ita ɗungurungum, sannan ya bi uban yana kuka yana kaɗa kai. Wanda ya iya kuwa yana fasa ta ya haɗiye, kuma idan ƙwayar mai ɓawo ce, za a tarar da ƙaiƙayi a farantin, wanda yake tashi idan an hura.

Shaidar da na fi yarda da ita tana ƙasan wuyan tsuntsun, inda jakar abincinsa take. A ware shi a wani keji kusa da iyayen tun da safe, yana ganinsu amma ba sa iya ba shi, sannan a shafa wurin a hankali da yatsa kafin magariba. Idan an ji ƙwayoyi cike, da kansa ya ci. Idan wurin a lotse yake, ko ya takure ya baza gashi, a mayar da shi nan take, a sake gwadawa bayan kwana uku ko huɗu. Mai ƙaramin sikeli ya riƙa auna shi kowace safiya: babban baji yana tsakanin giram 30 da 40, kuma nauyin da yake ta raguwa kullum alama ce cewa an yi gaggawa.

Sai kuma a tabbata an gan shi yana shan ruwa da kansa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. A lokacin hunturu kuwa a rufe kejin da dare, kuma a haɗa shi da ɗan'uwansa. Idan uwar ta fara sabon ƙwai tana saran ƴaƴan, ita za a fitar, a bar su da uban. Bayan ya yi mako guda cur yana ci, yana sha, yana tashi ya sauka a kan sanda ba tare da ya faɗi ba, ana iya ba da shi ga mai saye.