Yadda Ake Shawo Kan Agogon Gwanjo Mai Jiran Sigina Idan Ya Ƙi Saituwa

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari ladanin ƙauyenmu ya dire mini agogon bango a kan teburin gyaran rediyo, ya ce, "Malam, duba mini wannan. Da na saka batir sai hannayensa suka kama gudu da kansu, suka je sha biyu suka ƙame." Ɗansa ne ya sayo wa masallaci a cikin kayan gwanjo a Kano. Agogon lafiyarsa ƙalau. Jira yake a gaya masa lokaci ta iska, mai gaya masan kuwa yana can Jamus.

Kafin ka taɓa komai, juya bayansa ka karanta. In ka ga hoton ɗan hasumiya mai fitar da igiyoyi, ko rubutun DCF77, to tashar Mainflingen kusa da Frankfurt yake saurare, wadda ke watsa lokaci a kan kilohaz 77.5. MSF ta Ingila ce, WWVB ta Amurka, dukansu a kan 60, JJY kuma ta Japan. Nan fa gizo ke saƙa. Siginar Jamus ana dogara da ita ne zuwa kimanin kilomita 2,000, mu kuwa tsakaninmu da tashar ya haura 4,000. Saboda haka kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai gyara maka eriya.

Na biyu, batir. Saka sabon batir irin wanda aka rubuta wa Alkaline, mai ƙarfin volt 1.5, ba irin na caji ba, don shi 1.2 yake bayarwa, yana iya juya hannaye amma ya gaza ɗaukar nauyin kama sigina. In tsohon batir ya yi zuba, goge ƙarafunan da yake zama a kai har su yi haske.

In ranka bai kwanta ba sai ka gwada sa'a, to da dare za ka gwada, don irin wannan sigina ta fi tafiya nesa bayan faɗuwar rana, kuma yawancin agogunan da kansu tsakar dare suke nema. Fitar da shi daga ɗakin kwano. Nesanta shi da cajar waya, da injin juya wutar sola, da ƙwan fitila mai haske fari, da talabijin. Waɗannan duk suna fitar da hayaniyar lantarki da ke danne siginar, kuma rumfar mai cajin waya ita ce wuri mafi muni da za ka ajiye shi. Eriyar wani ɗan baƙin sanda ne kwance a ciki, irin na rediyon zamanin da, kuma ta gefe yake ji, ba ta tsini ba. Tunda Jamus arewa take da mu sak, sa fuskar agogon ko bayansa ya kalli arewa. Danna maɓallin neman sigina, wanda aka rubuta wa REC ko WAVE, ka riƙe, ka bar shi har asuba. Saƙon lokacin minti guda cur yake ɗauka, kuma ko ɗan yanki ya ɓace sai ya sake daga farko. Ni dai kwana uku na yi ina fitar da na ladan tsakar gida, ko gezau.

Ko da ma ya kama, da sauran rina a kaba. Lokacinmu da na Jamus ɗaya ne a lokacin sanyinsu kawai. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, mu ba ma yi. Ka ƙiyasta agogon masallaci ya yi wannan tsallen cikin dare, ladan ya tashi jama'a tun da sauran awa guda. In naka mai lambobi ne, nemi wurin da aka rubuta DST, wato wannan ƙarin awar, ka kashe.

Abin da zai fisshe ka shi ne saitin hannu. A mai hannaye, danna M.SET ko SET ka riƙe kamar daƙiƙa uku, hannayen za su fara gudu. Saki in sun kusa, sannan ka riƙa danna ɗaya-ɗaya, kowace dannawa minti guda. Ɗauki lokacin daga wayarka, ko ka jira shigowar labarai a rediyo. Kada ka kuskura ka tura hannayen da yatsa. Agogon yana riƙe da lissafin inda ya bar su, in ka gusar da su ka rikita shi. A mai lambobi kuwa, bayan ka saita sai ka kashe neman siginar in akwai maɓallinsa, batir ma zai fi daɗewa.

Akwai masu taurin kai da ke komawa sha biyu duk sanda aka canja batir, wasu ma ba su da maɓallin saiti mai aiki. Irin wannan, cire injin gaba ɗaya ka saka na agogon bango na gama-gari, amma ka tafi da tsohon wurin mai sayarwa a gwada tsawon sandar tsakiya da ramukan hannayen, don sau da yawa ba sa shiga juna. Haka na yi wa na ladan, da sababbin hannaye, yana nan rataye a gefen mumbari.