Kada ka fasa ƙwayar halitta ba ƙanƙara a gefenka

'Yan uwa masu aikin furotin a ɗakin gwaji, in kana neman ganin wane furotin ne ke manne da wane, zuba maganin hana fosfatis (enzayim ɗin da ke cire fosfet daga jikin furotin) a ruwan fasawa tun kafin ka fara, kuma komai ya zauna kan ƙanƙara.

Ni sati uku na yi ina jawo furotin ɗina abokinsa ba ya biyo shi, ashe fosfet ɗin, wato ɗan sinadarin da ke manne a jikin furotin ɗin, shi ne ke cirewa a hannuna. Da yawa daga cikin haɗuwar nan fosfet ke riƙe su, kamar furotin 14-3-3 da ke kama amino asid ɗin serin mai fosfet, ko SH2 (wani sashe a jikin wasu furotin) da ke kama amino asid ɗin tayirosin mai fosfet, kana fasa ƙwayar fosfatis zai tsinke fosfet ɗin sai abokan su watse.

A cikin magungunan hana fosfatis, sodiyam fuloraid na kare fosfet ɗin da ke kan serin da tireyonin, otobanadet kuma na kan tayirosin. Haɗa biyun.

Amma fa in yubikwitin ko SUMO (ƙananan furotin da ake manna wa wasu furotin) kake bi wannan ba zai cece ka ba, NEM za ka ƙara, wato maganin da ke hana enzayim ɗin da ke cire su. Kuma sabulu mai ƙarfi irin SDS zai raba furotin da abokinsa ko fosfet na nan, don haka ka sassauta.