Yadda Ake Riƙon Ruwa a Wurin Haƙar Ma'adinai

Ɗan'uwa, kafin ka sa diga a ƙasa, ka jira a yi ruwa mai ƙarfi, ka fita da ƙafarka ka zagaya filin. Duba inda ruwan ya fito, inda ya kwanta, da rafin da ya nufa. Sannan ka bi rafin nan har ka ga wa ke sha, wa ke ban-ruwa, ina makiyaya ke shayar da shanu. Sana'ata binciken ruwan ƙasa ce da haƙa burtsatse a nan Zariya, kuma matasanmu da yawa suna tafiya haƙar zinare wajen Birnin Gwari da Neja da Zamfara, wasu kuma suna nan gida suna fasa dutse ko ɗibar yashi a kogin Galma. Abin da nake faɗa musu kullum guda ne: ruwan da bai taɓa aikinka ba kada ka bari ya taɓa, wanda ya taɓa kuma kada ka bari ya fita.

Mu fara da na sama. A yankinmu ana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta kuwa ba a magana. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan idan aka kwana ana ruwa har milimita 50 ta sauka, lita 500,000 ta zuba a kowace hekta ta filinka, ban da wanda ya gangaro daga tudu. Babu injin ban-ruwan da zai kwashe wannan kafin ya yi ɓarna. Maganinsa lambatu ne: ka haƙa shi ta saman filin, ya tare ruwan tudu ya zagaya da shi ta gefe ya sauke a hanyarsa ta asali. Bakin kowane rami kuma ka yi masa kunya da ƙasa, amma tarin ƙasar da ka fitar ka ja shi nesa da bakin, domin nauyinsa idan ya jiƙe shi ke karya gefen rami. Aikin nan na watan Afrilu ne, ba na ranar da hadari ya haɗu ba. A watan Yunin 2024 rami ya rufta da mahaƙa a Galkogo, cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, bayan an tafka ruwa. Ni dai doka ce a wajena: an yi ruwa da dare, ba mai shiga rami da safe sai an duba gefe ko ya tsage ko yana tsatsar ruwa.

Ruwan da ke tsatsowa daga ƙasan rami kuwa dole a janye shi, amma da sharaɗi biyu. Injin mai amfani da fetur ya tsaya a waje, tiyo kawai zai sauka. Hayaƙinsa a cikin rami yana kashe mutum ba tare da ya ji warin komai ba, sai dai ya ji jiri ya zauna, shi ke nan. Sharaɗi na biyu, ka sani ruwan da kake zuƙa shi ne dai wanda rijiyoyin ƙauye ke sha. Don haka tun kafin ka fara, ka je wajen mai unguwa, ku ɗauki igiya ku auna zurfin ruwan rijiyoyin da ke kusa, a rubuta a gaban shaidu, a riƙa maimaitawa duk wata. Ranar da rijiya ta ja baya, takardar nan ce za ta raba gardama, ko rani ne ya jawo ko injinka. In injinka ne, ka rage zuƙa ko ka samar musu da wani ruwan, ba sai an kai ka ƙara ba.

Yanzu ga inda aikin yake, wato ruwan wanki. Mafi yawan masu wankin zinare ba su san yawan ruwan da suke ci ba. Sa tiyonka a duro mai lita 200 ka duba agogo. Idan ya cika a sakan 30, kana jan lita 24,000 a awa, wanda a aikin awa takwas ya kai lita 192,000. Ka ɗebi wannan daga rafi da rani, ka mayar da shi jajir da laka, sannan ka ce masu lambu su yi haƙuri? Bai kamata a yi wanki a cikin rafi ba sam. Ka ja wurin wankin can kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa, ka haƙa tafkuna uku a jere, kowanne ya ɗan fi na gabansa tudu. Ruwan da ya sauko daga kan kafet ɗin da ke tare zinare ya faɗa na farko, yashi da tsakuwa su kwanta. Ya tsallaka ta sama zuwa na biyu, laka mai laushi ta kwanta. Na uku shi ne inda injinka zai riƙa ja yana mayarwa wurin wanki. Da haka rafi ba zai ba ka komai ba sai cikon abin da rana ta shanye da wanda laka ta riƙe.

Girman tafkin ba da ka ake yanke shi ba. Cika kwalba da ruwan wankin, ajiye ta, ka ga awa nawa take ɗauka kafin saman ya washe. Tafkunanka su iya riƙe ruwan da injin ke zubarwa na tsawon wannan lokacin, har da ƙari. Tafki mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita ɗaya da rabi yana ɗaukar lita 75,000, sai ka yi lissafinka. Mai tsawo ya fi mai faɗi, kuma mashiga da mafita su yi nesa da juna, don ruwa ya yi tafiya a hankali. Daɓe ƙasan da yumɓu sosai ko ka shimfiɗa leda mai kauri. In lakar ta ƙi kwanciya, ɗan alam yana taimakawa. Ka bar aƙalla rabin mita tsakanin ruwa da bakin tafki saboda damina, kuma idan laka ta kai rabi a kwashe. Manyan kamfanoni ma a nan suke faɗuwa: a Janairun 2019 madatsar lakar ma'adinai ta fashe a Brumadinho ta ƙasar Brazil, mutum 270 suka rasu. Naka ƙarami ne, amma kada ka gina shi a saman gidan kowa ko gonar kowa.

Sai dai ruwa ya washe ba yana nufin ya tsarkaka ba, kuma wannan ne abin da ya fi damuna. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega. Yara wajen 400 suka tafi. Dutsen zinaren yana ɗauke da dalma, ana kai shi cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta bi ƙasa, wankin kuma ya ɓata kududdufai. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalma ba ta da ɗanɗano a ruwa, kuma tafasawa ba ta fitar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a ruwan sha a kan miligiram 0.01 cikin lita, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Saboda haka niƙa a yi shi da ruwa don kashe ƙura, a yi shi nesa da gari, ruwan kuma ya ƙare a tafkunan nan. Ba a sha, ba a alwala, ba a wanke kayan yara a ciki. Ma'aikata su yi wanka su canja tufafi kafin su koma gida. Ka kewaye wurin da ƙaya ko waya saboda yara da dabbobi. Sau biyu a shekara, rani da damina, ka ɗebi ruwan rijiya da na rafi, sama da wurinka da ƙasa da shi, a kai ɗakin gwaji. Mu da muke da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, ba mu da uzurin rashin wanda za mu tambaya.

Zaiba kuma, wadda ake kama zinare da ita, in da hali a bar ta. Ita ce ta nakasa mutanen Minamata a Japan ta hanyar kifi, kuma a cikin lakar rafi takan rikiɗe ta shiga jikin kifin da ake ci. Wanda ya ce sai ya yi amfani da ita, ya tsaya kan ɗan abin da ya tace a ƙarshe, cikin baho na musamman da ruwansa ba ya zuwa ko'ina.

Akwai wata alama da nake so ka riƙe. Idan dutsenka yana da ƙyalli ruwan ɗorawa wanda ba zinare ba ne, ruwan da ke fita daga tarinsa kuma yana barin jan tsatsa a kan duwatsu, to dutsen na haɗuwa da iska da ruwa yana haifar da asid, asid ɗin kuma yana narkar da ƙarafa masu guba. Sayi takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ƙasa da 7 asid ne. Ruwan sha yana tsakanin 6.5 da 8.5. In ka ga ya yi ƙasa sosai, zuba farar ƙasa a tafkin farko, tarin dutsen kuma ka rufe shi da yumɓu don ruwan sama ya daina ratsa shi.

Ta fuskar hukuma, dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi izinin amfani da ruwa daban da lasisin haƙa, ta kuma ɗora wa mai lasisi gyaran ƙasar da ya ɓata. Je ka Filato ka ga ramukan kuza da aka bari tun zamanin Turawa, sun zama tafkuna masu zurfi, har yau suna cin mutane da dabbobi. Don haka kana buɗe sabon rami kana cike tsohon. Lakar wanki ta koma can ƙasa, a bi ta da yumɓu a danne, sannan a mayar da ƙasar saman da ka ware tun ranar farko, a ɗan tuda ta yadda ruwa ba zai kwanta ba, a dasa ciyawa kafin ruwan farko. Kuɗin wannan aikin ka riƙa cire shi daga kowane ciniki tun ramin yana bayarwa, domin ranar da ya daina, lebura ko ɗaya ba za ka samu ya tsaya ba.