Masu koyon zanen bango da na tukwane, ga inda kuke ɓata aiki

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya ga yaran da ke zuwa koyon aiki wajena, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani. Ni a ƙauyen Ringim nake, shaɓe da zanen ƙofar zaure wajen babanmu na gada, tukwane kuma a gaban kakata na taso ina kallo.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ɗora zane a busasshen bango. Ni kaina ya taɓa kayar da ni. Wani hunturu aka ba ni zauren gidan amarya, biki saura kwana 9, uban ango na tsaye a kaina wai malam a hanzarta, na kwaɓa ƙasa na ɗora dagi mai kauri kusan yatsa uku a tashi ɗaya, bangon sumul ban karce shi ba, ban yayyafa masa ruwa ba. Ranar ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Sati biyu bayan biki rabin dagin ya ɓantaro ya faɗo daidai inda tsofaffi ke shimfiɗa tabarma, Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Da kuɗina na sake aikin, kuma shekara guda ba wanda ya kira ni a garin. Bango busasshe yana zuƙe ruwan kwaɓin kafin ya kama, iskar hunturu kuma ta busar da saman ta bar cikin ɗanye. Yanzu ni sai na karce bango da bakin cokalin gini, in jiƙa shi tun da yamma, in ƙara da asuba, sannan in ɗora kaɗan-kaɗan, in bar na farko ya yi tauri kafin na biyu. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, to su je su yi nasu.

Na biyu, siminti a kan ginin ƙasa. Haba jama'a! Ƙasa na shan ruwa ta kumbura ta koma, siminti ba ya motsi, sai ya tsage, ruwan damina ya shige ta baya ya yi ta cin bangon kai kana ganin waje lafiya lau. Ƙwanƙwasa ka ji, in ya yi ƙara kamar ganga to ya riga ya rabu. Magabata ba wawaye ba ne da suke shafa makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, wato dattin da ke kwantawa a ramin rini, da gashin majema da wani tsiro mai yauƙi da ake kira dafara. Je ka Gidan Makama a Kano ka buɗe ido ka kalli bango da kyau.

A tukunya ma gaggawar ce. Kakata sai ta danna babban yatsa a jikin tulu, in ya liƙe mata ta ajiye shi a inuwa, in ya yi sanyi da tauri kamar fatar kirgi sannan ta shafa jar ƙasa ta ɗauko ɗan dutsenta mai santsi ta yi ta goga har ya yi sheƙi. Ku kuwa tun yumɓu na ɗanye kuke mirgina totuwar masara, zanen ya cuɗe. Kuma dan Allah ku daina shanya ɗanyar tukunya a rana, wajen gashi za ta fashe.

Masu fiyofi (POP), wato farin garin nan da ake adon silin da shi, garin ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin gari ba, kuma a kwaɓa kaɗan don mintuna kaɗan yake ɗauka ya daskare. A wanke roba, ragowar tsohon kwaɓi na sa sabo ya kama da wuri. Kar a sa fiyofi a waje inda ruwa ke duka.

Fenti kuma, sabon filasta ni sai ya yi wata guda nake taɓa shi da buroshi, ko mai gida zai yi fushi.