Yadda Ake Tsayar da Yoyon Tagar Tsohuwar Hiace

Da zarar ruwan Agusta ya kankama, fasinjan da ke zaune jikin taga ne ke fara sanin halin da tsohuwar Hiace take ciki. Sai ka ji ya ce, "Direba, motarka na zuba fa." Yawancin 'yan'uwana direbobi sai su aiki yaron mota ya sayo silikon a lafta a bakin roba. Ni dai ba a kusantar tagar motata da shi, zan kuma faɗi dalili.

Fara da gano inda ruwan ke shiga, domin ba lallai ne inda yake ɗiga ya zama nan ne ƙofarsa ba. Ruwa kan bi ƙarƙashin roba ko bayan silin, ya je ya ɓulla can nesa. Bari motar ta bushe, ka sa yaro a ciki da tocila, kai kuma ka ɗauki tiyo ko buta. Zuba daga ƙasan tagar, ka dakata kamar minti biyu, sannan ka hau gefe, sai a ƙarshe ka je sama. In ka fara daga sama, ko'ina zai jiƙe, ba za ka gane komai ba. Wani lokaci ma tagar ba ta da laifi: magudanar da ta zagaye rufin ce ta tsage, musamman wurin da aka ɗaure ƙafafun kariya ana labta mata buhuna.

Idan taga mai ja ce, duba kwarin da gilashin ke gudu a ciki. A ƙasansa akwai 'yan ramuka da aka yi don ruwa ya fice waje. Ƙurar hunturu da ɓawon gyaɗar fasinja kan toshe su, ruwan ya taru ya malalo ciki. Tsohon buroshin haƙori da guntuwar waya sun isa aikin. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, ba ka kashe ko sisi ba.

In ba nan ba ne, danna robar da babban yatsa. Idan tana da laushi, kusurwa ce kawai ta ɗage, za ta gyaru. Ɗaga leɓenta da tsinken katako ko guntun roba mai tauri. Kada ka sa sukudireba: zai kankare fenti, kuma gilashin gefe in aka taɓa bakinsa da ƙarfe yana iya tarwatsewa gaba ɗaya. Goge dattin da ke ƙarƙashi, ka bari ya bushe sarai, sannan ka matsa baƙin gam irin na gilashin mota wanda ba ya daskarewa, ana ce masa butil. A ƙarƙashin leɓen za ka zuba shi, ba a kai ba. Danna robar, ka share abin da ya fito.

Dalilin ƙin silikon kuwa shi ne, irin wanda ya cika kasuwa, mai warin tsami ɗin nan, yana fitar da asid yayin bushewa, asid ɗin kuma yana cin ƙarfen da fentinsa ya kankare. Ba ya kama tsohuwar roba da kyau, sai ya ɓanɓare ta gefe guda ya riƙe ruwa a ciki. Ga shi fenti ba ya zama a kansa, ranar da ka kai motar wurin fanalbita sai ya ƙara maka kuɗin kankara.

Robar da ta ƙandare ta tsattsage kamar faso, babu gam ɗin da zai cece ta. Tafi da lambar shasi Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ka nemi sabuwa. Ban ga amfanin ta Beljiyam ba a nan, sa'ar taka ce a shekaru. Tunda tsohuwar ta tashi aiki, yanke leɓenta da reza, ka tura gilashin a hankali, wani na tare da shi daga waje.

Yanzu ne za ka ga ainihin ciwon, wato tsatsa a bakin ƙarfen. Goge ta da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka shafa jan fentin hana tsatsa, ka bi da fentin mota, ka ba shi lokaci ya bushe. In ƙarfen ya hude, sai mai walda. Sabuwar roba a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba za ta kai damina ta gaba ba.

Wajen mayarwa, igiya ce ke aikin. Saka robar a jikin gilashin tukuna. Samo siririyar igiyar nailan mai ƙarfi, ka cusa ta cikin kwarin robar da zai kama bodi, ta zagaye duka, bakunan biyu su gitta juna a tsakiyar ƙasa. Shafa ruwan sabulu, ban da man inji, don yana lalata roba. Yaro ya ɗora gilashin daga waje, bakunan igiyar na ciki, ya danna da tafin hannu a buɗe daidai inda kake ja. Kai kuma ka riƙa jan igiyar sannu sannu, kaɗan dama kaɗan hagu, leɓen robar na hawa kan ƙarfen. A kusurwa ake yaga roba, don haka rage sauri a nan, ka riƙa juya igiyar kana ja.

Wannan duka na gilashin da ke zaune cikin roba ne. Ƙirar da muke kira Hummer, wadda ta fara fitowa a 2004, gilashin gabanta manne yake da gam mai ƙarfi. Wannan kai wa mai gilashi kawai.

Da ka gama, maimaita gwajin buta daga ƙasa zuwa sama. Sannan ka ɗage ledar ƙasa, ka buɗe ƙofofi a rana har dandamalin ya bushe, don ruwan da ya riga ya kwanta a ƙarƙashinta zai ci gaba da cin ƙarfe ko da tagar ta daina zuba.