Yadda Ake Buga Wasan Metal Storm

Metal Storm, wanda kamfanin Irem ya fitar wa na'urar wasan bidiyo ta Nintendo mai suna NES a 1991, bai samu yabon da ya cancanta ba. Kai ne ke sarrafa mutum-mutumin yaƙi M-308 a wani sansani na duniyar Pluto.

Ka riƙe maɓallin sama ka danna maɓallin A, nan take za ka koma rufi kana tafiya kai a ƙasa. Maɓallin ƙasa da A ke dawo da kai. Ka yi ta gwada wannan juyi tun matakin farko har hannu ya saba, domin harbi ɗaya ke kashe marar sulke.

Tun da wuta kan ɗauke mana a Damagaram lokacin bazara, ka riƙa rubuta lambar sirrin da wasan ke bayarwa, wadda da ita za ka ci gaba daga matakin da ka tsaya.