Izinin kamun kifi na shaƙatawa: abin da za ka yi kafin ka jefa fatsa a Yamai

A Nijar haƙƙin kamun kifi a kogi da tabkunan jama'a na gwamnati ne, ita ke ba mutum izini. Dokar kamun kifi ta 7 ga Disamba 1998 ta raba izinin gida uku: na shaƙatawa, na binciken kimiyya, da na kasuwanci. A 2021 an fito da sabuwar doka wadda ta maye gurbinta, ta haɗa har da kiwon kifi. Mai zama bakin kogi da yamma, ƙasan gadar Kennedy, da fatsa da gwangwanin tana, izinin shaƙatawa ne nasa.

Ka je ofishin ma'aikatar muhalli na yankinku, wajen ma'aikatan ruwa da gandun daji, da katin shaidarka. Ka faɗa musu ruwan da kake nufi da kayan da za ka riƙe, don da wannan za su san irin takardar da ta dace da kai. In an ce ka biya wani abu, kada ka fita sai da shaidar biya mai hatimi. Ka duba sunanka da ranar ƙarewa tun kana tsaye a gabansu. Takardar taka ce kai kaɗai, ba a ara wa ƙane ko aboki. Ka naɗe ta cikin leda, domin tawadar da ta sha ruwa ba ta kare kowa.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne sayarwa. Giwan ruwa ya faɗo maka, mai suya ta taya, ka karɓi kuɗi: daga nan ka bar shaƙatawa ka shiga sana'a, takardarka kuwa ba ta kai nan ba. Haka in aka same ka da ragar kalli ko mamari mai ƙugiya ɗari, ba wanda zai yarda nishaɗi ya kawo ka.

Wasu abubuwan kuma izinin shaƙatawa ba ya halatta maka su: guba, nakiya, jona wa ruwa lantarki, da raga mai ƙananan idanu. Ma'aunin da dokar 1998 ta sa shi ne yatsa uku, wato santimita 6 in an ja idon ragar. Abin da ya gaza haka yana kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa tun ba su yi ƙwai ba, baɗi kowa ya wayi gari ruwa fayau.

To wa aka ɗauke wa neman izini? Tafkin da ka gina a gonarka, ka zuba kifinka, ba ruwan jama'a ba ne. Izinin mai shi ake nema. Amma "ai na miya ne kawai" ko "ai yaro ne" ba hujjar da za ka yanke wa kanka ba ce. Ka kai maganar ofis, su faɗa maka matsayinka.

Sannan takarda ba ta raba ka da sarkin ruwa. A tabkunan jihar Tawa, irin su Tabalak da Ɗan Dutsi, masunta kan rufe ruwa na wani lokaci don kifi ya girma, baƙon da ya jefa ƙugiya a lokacin kuwa ya ja wa kansa. Ka fara gaishe shi: "Ranka ya daɗe, ruwa a buɗe yake?" A kogi ma shi zai nuna maka inda dorina ke kwana, ka kauce.